Fartanyar Ngo Chundung

Kakana ƙasa ya tona a Bukur,
kuza yake nema, kwano a ka, laka har gwiwa.
Ya bar mana tarin ƙirji da tafki mai koren ruwa.
Ni ma rami na gada, sai dai nawa kamu biyu ne,
can bayan Lamingo, gindin duwatsun Shere,
inda muka binne na'ura kamar tulun ajiya
don ta saurari abin da rana ke raɗa wa ƙasa.

Ba a kallon rana ido da ido,
ko jariri ya san wannan.
Mu sawunta muke bi.
In ta yi atishawa yau,
jibi allurarmu ta kama makyarkyata,
rediyon direban tirela ya shaƙe a hanyar Bauci,
matuƙin jirgi ya yi ta sallama ba mai amsawa.

Mu bakwai ne, ban taɓa shan ruwan gidan kowa ba.
Haruka a Japan, tana hamma ina karin kumallo.
Eusebio a tsaunukan Peru, ɗanyen barci a idonsa.
Akwai Tuuli, can inda rana ke yaji wata biyu,
ta ce in aika mata ko cikin cokali.
Da magariba ba faɗuwa rana take ba,
miƙa ta nake, kamar garwashi a kasko,
maƙwabci ya karɓa ta kan katangar teku.

Haruka ce ta ba ni labarin Mirrihi:
wai da can tana da koguna, tana da iskar shaƙa,
garkuwarta ta mutu, iskar rana ta yi ta sheƙe ta
kamar mai sheƙar acca a faifai,
har ta koma ja, ƙeƙas, ba ko ɗigon raɓa.
Na dubi hoton, na ce ai na san wurin nan,
haka bayan gidanmu yake tun tafiyar kamfani.

A watan Agusta aka kwana huɗu ana ruwa.
Farantin sola ya ji yunwa, batir ya suma.
Dubi abin dariya: mai gadin rana, rana ta guje shi!
Na ciro batirin motar ƙanena Tanimu,
na ɗauko shi a ka, santsi na ja, hazo na tura,
kamar dai kakana da kwanonsa,
ni kuwa hawa nake.
Minti goma sha tara suka ɓace a lissafin duniya.
Eusebio ya rubuto: kada ka damu,
na riƙe maka wancan gefen tabarmar.

Sai wata Talata Tuuli ta kira, murya na rawa.
Ta ga wani ɗan tsalle a layinmu,
kullum bakwai saura kwata, ban da Lahadi.
Ba a Japan, ba a Peru, Jos kaɗai.
Mako uku masana na ta kai gwauro suna kai mari,
har an fara laluben sunan da za a raɗa masa.

Na yi sammako, na laɓe bayan dutse, sanyi na cizo.
Bakwai saura kwata, ga Ngo Chundung,
fartanya a kafaɗa, za ta gonar dankali,
ta taka kan raminmu tana 'yar waƙarta.
Ƙarfen fartanyar ne allura ke gaisarwa.

Da na faɗa musu, dariya ta zaga duniya
kafin rana ta kai tsaka.
Na roƙi Ngo ta riƙa bi ta ƙasan hanya.
Ta ce, "Yaro, kafin a haifi injinka nake bi nan.
Me ranar ta ce muku?"
Na ce har yanzu muna saurare.
Ta ɗaga kai, ta kare ido da tafin hannu:
"Ni ta ce mini yau za a yi ruwa da la'asar."

Ba mu goge tsallen ba.
Yana nan a kundin ƙasashe bakwai,
tsakanin aman wutar rana da numfashin ƙasa,
da ɗan rubutu a gefe, da hannun Tuuli:
Ngo ta wuce.

Da la'asar kuwa aka yi ruwan.